Ranar da Na Hana Madubi Ruwa

Ba zan taɓa mantawa da jajiberin kai Auta ɗakin miji ba. Ko na so in manta, matan unguwarmu ba za su bari ba.

Bazara ce, irin ta Tanut, wadda kare ma ke rasa ƙarfin haushi. Famfon unguwa iska kawai yake hurawa, ruwan da ke gidan duka amalanken jaki ne ya kawo a bido, wato jarka, ga baƙi cike da tsakar gida. Auta, 'yata ta ƙarshe, washegari za a kai ta Belbeji. Ba ta roƙe ni komai ba sai madubin uwarta. Da shi aka kawo marigayiya gidana tana amarya. Gara ta cinye katakon da ke riƙe da shi, saura gilashin tsirara jingine a bayan gado. Auta na so a huda shi, a rataye a ɗakinta.

Na ce wannan aikina ne. (Ni fa na yi makarantar lekwal har aji huɗu kafin mushe, wato malaminmu, ya gaji da ni. A tsaranmu ni ne injiniya.) Ɗana Sale, mai aikin karo, wato shimfiɗa tayil, a Tamanrasat, ya taɓa aiko min da injin huda mai batir, da wasu bakuna kamar guntun bututu, leɓensu da ɓarɓashin lu'ulu'u. Su ba sa sara, goga gilashi suke yi a hankali har su fitar da ɗan kewaye. Na kira shi a salula, ya ce: "Baba, ka kewaye wurin da laka, ka cika da ruwa. Kar ka bari ya bushe, kuma don Allah kar ka danna."

Na ce to. A raina kuwa na ce yaro ya daɗe a ƙasar mutane. A nan ƙasarmu ta Damargu, inda raƙumi ke kwanaki bai sha ba, ƙarfe ne zai ce sai an shayar da shi? Mu da aka rene mu muna alwala da ɗigon buta, ruwan wankin hatsi a ba akuya. Hannuna bai iya zuba ruwa a kan abin da ba ya numfashi ba.

Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a gaban mata, don a gani. (Da a ɗaki na yi, da yau ina da ƙaryar da zan kare kaina.) Na ɗora tabarau a karan hanci. Sai ga Hadiza, ƙanwar marigayiya, abokiyar wasana, da moda cike.

"Mushe, ga ruwan da Sale ya ce."

"Mayar randa. Baƙi za su sha ko madubi?"

"Kai dai da rowa aka yanke maka cibi. Yaya ta sha fama, Allah ya jiƙanta."

Na tsoma yatsa ɗaya a modar, na ɗiga wa madubin, na ce ya gode wa Allah.

Injin ya kama kuka. Farin gari ya tashi, sai warin ƙarfe mai zafi. Na ga ba ya shiga, ga mata sun zuba ido, wata har ta soma dariya a cikin mayafi. Sai na hau shi da ƙirji.

Ƙas! Ƙarar ma ba ta kai ta karyewar kara ba. Tsaga ta tashi daga bakin injin ta ratsa har ƙasa. Na duba, ga tsofaffi biyu suna kallona, kowanne baki buɗe.

Mai daka ta tsaya da taɓarya a sama. Hadiza, wadda ba ta taɓa barin maganata ta wuce ba amsa ba, ranar kau da kai kawai ta yi, kuma wannan ya fi min zagi ciwo. Auta ta fito da lalle a ƙafa, ta durƙusa, ta bi tsagar da yatsa. A gaban madubin nan uwarta ke yi mata kitso tana ƙarama.

"Ba komai, Baba," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Hannunka na jini."

Sai a lokacin na lura gilashi ya yanke ni. Modar nan da na hana madubi, ita aka juye min a hannu, aka ƙaro wata, duk ƙasa ta shanye ina kallo.

Washegari Auta ta naɗe babban ɓarin a zanen uwarta, ta rungume shi a mota. Ƙaramin ta jingine min a ɗaki, ta ce in riƙa gyara hula. Yana nan har yau. Ba ya ɗaukar fuskata duka, ido ɗaya ne da kunne ɗaya da rabin gemu. Haka ma ya ishe ni gani.

Yanzu in na wuce, mata kan ce, "Injiniya, an sha ruwa?" Ina amsa musu da fara'a. Amma duk abin da ya nemi ruwa a gidana ina ba shi, ko dutse ne. Rabin moda kawai madubin nan ya roƙa, shi da ya yi shekaru yana kallon matata bai taɓa neman komai ba.