Mai Tumbin da Na Bayar Har da Gyara

A shekarar Olamfik kasuwa ta yi mana sanyi, mu 'yan kasuwar da ke birnin Guangzhou, sai abokinmu Isufu ɗan Maraɗi ya kawo mana wasan besbol na kwamfuta, wasan da ake dukan ƙwallo da sanda a ruga a zagaye fili. Kowa da ƙungiyarsa ta 'yan wasan zamanin da, kwamfuta ke buga wasa bisa tarihin kowannensu. Wanda ya zo na ƙarshe zai tuƙa wa sauran tuwo wata guda.

Ban san besbol ba, amma na san ƙwallon ƙafa, kuma na daɗe ina tantance kaya a kasuwar Shisanhang. Kallo ɗaya ya ishe ni. Na duba hotunan 'yan wasana, sai ga wani ƙato mai tumbi da siraran ƙafafu. Wannan ko akuya ba zai kamo ba.

Na ce, "Isufu, karɓi wannan, ka ba ni siririn nan naka."

Ya ce, "Alhaji, ka tabbata?"

Har tausayi ya ba ni. Na ɗora masa wani ɗan wasa gyara, yadda ake yi wa mai sayen kirki.

Ashe mai tumbin ba ya bukatar gudu. Doka ƙwallo yake ta fice daga fili, sannan ya zagaya abinsa a natse. Siririna kuwa akwai gudu, sai dai sandarsa ba ta taɓa haɗuwa da ƙwallo ba.

Kwana talatin ina riƙe da muciya. Har yau in na shiga ofishin aika kaya a unguwar Baiyun, sai wani ya shafa cikinsa ya ce, "Alhaji, akwai gyara?"