Ƙauyen Da Na Aro Daga Wales

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na canja wa babana ƙauye a gaban idonsa ba. Ina aji takwas a wata makarantar 'yan mata da ke unguwar Gurda, can ƙasar Larabawa inda neman abinci ya kai iyayena, kuma ni ce yarinyar kujerar ƙarshe, wadda ta san duk wadda ta sake takalmi a ajin amma ba wadda ta san muryarta.

Malamarmu ta labarin ƙasa, Abla Salma, ta ce kowace ta rubuto ƙauyen kakanninta: tarihinsa, yanayin ƙasarsa, da abin da mutanensa ke yi. Za a karanta ranar da iyaye ke zuwa. Nan take 'yan ajin suka hau kiran garuruwansu, su Murzuk da Ubari, kowace da gonar dabinon kakanta. Hanan, mai zama gabana, ta waiwayo ta tambaye ni ko mu ma muna da ƙauye, ko daga bayan mota muka faɗo. Aka yi dariya, na taya su (sana'ata ke nan a lokacin).

Baba kuwa da ya ji, sai ka ce kujerar Makka aka ba shi. Lebura ne, bulo yake ɗauka. Kwana huɗu, da ya dawo da la'asar, kafin ya wanke simintin hannunsa zai ce in ɗauko biro. Ya ba ni labarin maharbin da ya sari garinsu, gabas da Tasawa, a inda karensa ya tono laima a gindin gawo. Ya faɗi zurfin rijiyar, da tudun gero, da yadda maza ke watsewa da an gama girbi a bar tsofaffi da mata. Na rubuta duka. Da na maimaita karantawa, sai na ji muryar Hanan a kowane layi. Wato kare ne ya tono mana gari.

To, akwai wani littafin Turanci marar bango da Baba ya tsinto a gidan da suke gyarawa a unguwar Sukra, ya kawo wa Inna ta riƙa naɗe ƙosai. Na ceci rabinsa. Labarin wani ɗan ƙauye ne a Wales, can yammacin Birtaniya, kuma na haddace shi kamar karatun allo. Kwari ne tsakanin tsaunuka biyu, da rafi da gadar dutse. Ruwan sama ba ya ɗaukewa, tumaki sun fi mutane yawa. Mazan garin a da fasa dutse suke yi, wanda ake rufin ɗaki da shi. Da aikin ya mutu sai samari suka tafi birane. Suna da yarensu wanda maƙwabta ke yi wa dariya. Na yanke hoton garin na manna a kwali. Na ce a raina ai Baba ba zai zo ba, ba ya fashin aiki ko zazzaɓi yake yi.

Ranar na tsaya na ce kakana ya zauna a can shekaru da yawa, saboda haka nan ne asalinmu. Muryata ta fito, abin mamaki. Na zuba tsaunuka, na zuba tumaki, har da yadda ake aske musu gashi. Kowa ya kasa kunne. Sai Abla Salma ta nuna wani dogon gini a hoton ta ce wannan fa?

Na ce masallacin garin ne, nan kakana yake salla.

Ta matso, ta gyara tabarau, ta ɗora farce a kan kaburburan da ke kewaye da ginin. Kowanne da gicciye a kansa. Ni da nake ƙirga maɓallan rigar mutane, wata guda ina kallon hoton nan ban gani ba. Hanan ta tambaya ko kakan nawa shi ne limamin cocin. Har iyaye mata suna rufe baki da gyale.

A lokacin na hango Baba. Yana tsaye bakin ƙofa cikin shuɗiyar shaddarsa ta salla, har yanzu da karin ninkin akwati a jikinta, ya wanke hannuwansa har sun yi fari. Abla Salma ta tambaye shi, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, ko da gaske sun zauna a Birtaniya. Na jira ya ƙaryata ni, da ya fi mini sauƙi. Sai ya yi murmushi ya ce, da Larabcinsa na wurin gini, yarinya ta fi shi karatu.

Muka taho gida a ƙasa, yana gaba ina baya. Sai da muka wuce masu walda ya tambaya, ba tare da ya juyo ba, ko samarin nan da suka tafi sun koma. Na ce littafin ya ce yawancinsu ba su koma ba, har makarantar garin an rufe.

"To ai garinmu ne," in ji shi. "Ruwan sama kawai kika ƙara masa."

Muka ci gaba da tafiya. Daf da ƙofar gida ya ce, "Da dai kin bar mini karen, Uwata."

A makaranta sunana ya koma 'yar Wales har na gama, wannan kuma na saba da shi. Abin da ban saba da shi ba shi ne Baba bai sake ba da labarin maharbin nan ba. Na taɓa roƙonsa, ya ce ai na rubuta, in duba takardata. Takardar kuwa tuni Inna ta naɗe ƙosai da ita, ni na miƙa mata da hannuna.

Abin da na koya bai da yawa. In za ka ari ƙauyen wani, ka fara duba kaburburansa. Sannan ka duba bakin ƙofa.