Rasuwar Amalanken Baba Gafara

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta daina jin nauyinsa, Baba Gafara mai tura kaya, a madadin kansa da mai ɗakinsa Goggo Tela, yana sanar da tsofaffin maƙwabta, duk inda ƙaura ta watsa su, cewa amalankensa ya rasu. Ya cika ne ranar Laraba da hantsi a layin bayan makaranta, babu kaya a kansa, babu kowa a kusa sai mai shi da wata mage. Baba Gafara bai yi kuka ba. Ya tsaya ya jira kukan, bai zo ba, sai ya zauna a bakin kwata ya cire takalminsa ya kakkaɓe ya mayar.

An haifi marigayin a rumfar mai walda da ke bakin unguwa, daga ƙarfen wani tsohon gado da tayoyin motar da ta riga shi mutuwa da katakon ƙofar wani shago. Ba wanda ya riƙe shekarar, amma yaran da suka fara ɗanewa bayansa yanzu suna shafa wa gemunsu baƙi. Goggo ce ta raɗa masa suna Na-gaba, don kullum shi ke fara shigowa gida kafin maigidan. Shi ma maigidan a dalilinsa ya yi asarar sunansa na yanka. Tun da ya kama ihun "gafara dai, gafara hanya" a lungunan unguwar, ba a sake kiransa da wani abu ba.

Marigayi mutum ne, in an yarda a ce masa mutum, mai haƙuri da ƙanƙan da kai. Bai taɓa neman fetur ba, a lakata masa giris da yatsa ya wuni yana aiki. Ya ɗauki siminti da gawayi da firij da akuya mai taurin kai. Ya kai mata masu naƙuda bakin titi, tun da mota ba ta shiga lungunanmu, ya dawo da su da jarirai. Ga riƙon amana. Ya san gidan da katifarsu ta yage aka juya ta ƙasa, ya san akwatin da ake ɗauka da nishi don idon mutane alhali ba komai a ciki, bai taɓa faɗa wa kowa ba. Aibinsa guda ne, a faɗi gaskiya ko a kan mamaci: tayarsa ta hagu tana son kwata kamar a can aka yanke mata cibi.

Waɗanda suka zauna da shi ba za su manta muryarsa ba. In yana ɗauke da kaya cewa yake "ƙiii-ƙaƙ, ƙiii-ƙaƙ", a hankali, kamar dattijo mai ciwon baya. In babu kaya sai ya kama "kwaram-kwaram" tun daga farkon layi, kowa ya san yau ba a dace ba. Da wannan muryar Goggo take sanin yawan abin da za ta ɗora a wuta.

Sai ga jan fenti. Aka bi gida-gida aka shafa a bango, aka kafa wani ƙaton allo a bakin titi da hoton dogayen benaye masu gilashi da wasu mutane suna dariya, waɗanda ba wanda ya taɓa ganinsu a unguwar. Aka ce kowa ya tashi, za a rushe. Marigayi ne ya kwashe unguwar nan kaf, gida bayan gida, daga ƙofa zuwa inda babbar mota ke jira. Duk wanda aka sauke wa kayansa sai ya riƙe hannun Baba Gafara ya ce wallahi za mu riƙa leƙowa. Leƙowa! An ce zumunci a ƙafa yake, to da alama ƙafafun ma a mota aka loda su. Har yau ba a ga ƙeyar kowa ba.

Masu tambaya za su ce me ya hana mai amalanke kwashe nasa kayan tun da wuri. Ga dalili. Tun da ɓarin jikin Goggo ya shanye ba ta sake taka ƙasa ba. Wannan mata ita ta ɗinka wa rabin matan unguwar kayan da suke taƙama da su, kuma ko shara za ta zubar ba ta fita da zane a yamutse. Ranar da aka shafa fentin ta kira mijinta ta ce, "Malam, ba za ka ɗora ni a kan Na-gaba kamar buhun gawayi ba, matan layin nan suna tsaye suna 'Allah sarki, Goggo'. Bari su gama tafiya tukuna." Ya ce to. Ƙaninta ya ba su ɗaki a gidansa can ƙarshen gari, ya ce duk ranar da suka shirya zai kawo mota bakin titi. Daga ƙofarsu zuwa titin kuwa tafiya ce mai kyau, ga shi ma'aikatan rusau sun kewaye unguwar da shingen langa-langa sun haƙa rami, sun bar 'yar hanyar da amalanke kaɗai ke iya bi.

Kowa ya gama tafiya. Mai wanki ne na ƙarshe, ya cire igiyoyin shanyarsa ya wuce. A ranar ya kamata su fita, ba su fita ba. Goggo ta ce gobe, shi ma ya ce gobe, ba wanda ya tambayi ɗan'uwansa dalili.

A kwanakin nan ne marigayi ya yi yawonsa na ƙarshe. Kullum da safe Baba Gafara zai tura shi ba kaya su bi layi-layi, don ƙafarsa ba ta san wani abu ba. Masu sayen tsohon ƙarfe sun cire ƙofofi da tagogi, sai ya zama gidajen da a da sai ya yi sallama ya jira a bakin ƙofa, yanzu shiga kawai yake yi har ƙuryar ɗaki. Ya tarar ɗakunan sun fi yadda ya sani ƙanƙanta. A gidan direba akwai kalanda rataye a ƙusa, ba wanda ya buɗe mata sabon wata. A gidan malamar makaranta an zana tsawon yara a bango da biro, layi bisa layi, ya tsaya daidai ƙirjinsa. Tumatir ya fito a banɗakin mai sayar da magani har ya yi 'ya'ya. Tattabaru sun tare a shagon aski. Yakan tsaya a tsakiyar ɗaki ya jira ya ji wani abu a ransa, ba ya jin komai, sai ya fito ya kama hannun amalanke. Da yamma Goggo ta tambaye shi labarin gidajen ɗaya bayan ɗaya, ya gaya mata, ta ce, "Ashe bangon ɗakinta shuɗi ne. Ita da take cewa fari."

Game da jinyar marigayi, ta daɗe. Tun ranar da ya ɗauki injin niƙa muryarsa ta sauya. Kafin mai walda ya tashi ya durƙusa ya duba ƙarfen da ya haɗa tayoyin, ya shafa, ya girgiza kai ya ce, "Baba, ƙarfen nan ya sha walda har ya ƙoshi, ba inda zan ƙara ɗiga wuta. Tafiya ɗaya ta rage masa mai nauyi. Ka ajiye ta don kanka." Baba Gafara ya ji, ya kuma ajiye. Ranar Talata wani mai hular kwano cikin ma'aikatan ya ƙwanƙwasa musu ƙofa, ya gaishe su da ladabi, ya ce katafila za ta shigo Litinin da safe. Suka tsayar da Alhamis za su fita.

Laraba da sassafe sai ga waya daga mai aski, wai ya bar kujerarsa ta ƙarfe a bayan shago, don Allah Baba a taimaka, ga shi nan a bakin titi yana jira. Wanda ya san Baba Gafara ya san bakinsa bai iya "a'a" ba, da ya iya da tuni ya gina gida. Ya ɗora kujerar, marigayi ya kai ta lafiya bai ce uffan ba. A hanyar dawowa ne, ba kaya, ya hau wani ɗan ɓaraguzan bulo da bai kai dunƙulen hannu ba. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce "ƙas". Tayar hagu ta fice ta gangara ita kaɗai, ta shiga wani gida marar ƙofa ta kwanta.

Baba Gafara ya koma gida rungume da tayar. Goggo ta ji taku ba ta ji kwaram-kwaram ba, ta ce, "Ina Na-gaba?" Ya ce, "Ya rasu." Ta ce to. Can ta ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kira tsofaffin maƙwabtan nan." Ya ce shi tun da yake bai taɓa roƙon wani ya ɗaukar masa ko tsinke ba, bai san ta inda ake farawa ba. Ta ce, "Wa ya ce ka yi roƙo? Ce musu mutuwa aka yi. Mutanen nan ba sa zuwa sai an mutu."

Marigayi ya rasu ya bar tayoyi biyu da ba sa tare, da igiya mai ƙulli da yawa, da tamfol, da gwangwanin giris da bai ƙare ba, da dutsen da ake tokare shi a gangare. Ya bar mai shi, wanda gwiwarsa ta dama ta daɗe tana neman hutu. Ya bar Goggo Tela a kwance. Ya kuma bar gado da katifa da keken ɗinki da akwatuna da tukwane, duk an ɗaure, suna jingine a tsakar gida.

Ba za a yi wanka ba, ba za a yi likkafani ba, ba kuma za a wahalar da kowa da haƙan rami ba. Gawar tana nan inda ta faɗi, an lulluɓe ta da tamfol. Katafila za ta binne shi ranar Litinin tare da layin da makarantar da sauran unguwar.

Za a karɓi gaisuwa ranar Lahadi da safe. Gidan ba ya ɓata, shi kaɗai ne ya rage da ƙofa. A yi haƙuri, babu wurin zama, an naɗe tabarmi. Kada a kawo abinci, kada a kawo komai, a zo hannu rabbana, mai gammo ya taho da gammonsa. Ana fatan ganin majiya ƙarfi saboda gado da keken ɗinki, kuma mai aski ya sani an ajiye masa kan keken, shi zai ɗauka. Bayan addu'a kowa zai ɗauki abu ɗaya ya nufi bakin titi, inda ƙanin Goggo zai tsaya da mota. Wanda bai samu zuwa ba an gode, abin da ba a ɗauka ba zai bi marigayi.

Iyali suna da roƙo ɗaya ga masu ta'aziyya. In an ɗauki kaya a yi gaba, kada kowa ya waiwayo, kada a ji "Allah sarki" daga bakin kowa. Baba Gafara zai biyo baya goye da Goggo, ta riga ta zaɓi zanen goyon ta sa ya goge mata shi. In an ji takunsa ya tsaya, a ci gaba da tafiya. Hutawa yake yi.