Ranar Da Na Zuba Wa Barewa Kanwa A Bayan Jidda

Ko zan manta da komai na zamana a Jidda, ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da aka tashe ni daga rub da ciki a bayan wani dutse ba, fuskata duk ƙura, aka kuma tsayar da ni a gaban mutumin da nake neman auren 'yarsa. Amma bari in faɗa tun yanzu: kunya kam na sha ta, na yarda. Gardamar kuwa har gobe ban janye ba.

Ni ma'aikacin ɗakin gwajin jini ne a wani asibiti mai zaman kansa, kwantiragi ya kawo ni daga Bauchi. (A unguwa Dakta ake ce mini. Ban taɓa gyara wa kowa ba.) A wurin aiki na saba da Usman, Bahaushen Sudan haifaffen nan, wanda rabin Hausarsa Larabci ne. Shi ya fara kai ni gidansu a unguwar Madain Fahd cin abincin Juma'a. A can na ga ƙanwarsa Su'ad, daga ranar kuma shinkafar gidan ta fi ta ko'ina daɗi. Mahaifinsu, Ammu Haruna, wato Baffa Haruna, dattijo ne mai shagon turare a kasuwar Balad, mutum mai auna magana kafin ya sake ta.

Wata Juma'a bayan an kwashe faranti, hira ta gangaro kan farauta. Sai na gyara zama. Kakana maharbi ne na gaske a dazukan Ningi, kuma ina ji da wannan. Na ba su labarin yadda yake yi wa barewa da gada da rani: ya sami gindin bishiya kusa da mashaya, ya riƙa zuba kanwa da dusa da harawa kwana da kwanaki har su saba, ranar da ya shirya ya laɓe ya harbi guda. Matsalar ita ce ina cikin labarin sai "yake" ta koma "muke", can kuma "muke" ta koma "nake". (Kakan nan ya rasu ina aji biyu na firamare. Bindigarsa ma a rataye kawai na san ta.)

Ammu Haruna ya ajiye kofin shayinsa. "Ya waladi, ɗana, wannan ba farauta ba ce, cin amana ne. Ka ciyar da dabba lokacin yunwa har ta saki jiki, sannan ka kashe ta a kan abincin? Maharbi sawu yake bi, ya sha rana, in ta tsere ta tsere."

Mai hankali cewa zai yi haka ne, Ammu. Ni kuwa ji na yi an zagi kakana a kabarinsa.

"Ammu, a gafarce ni," na ce. "To ragon layya fa? Ba dusa ake ba shi wata da watanni har ya riƙa bin mutum ɗaki ba? Kifin nan da muka ci yanzu, ba abinci aka maƙala masa a ƙugiya ba?"

"Rago naka ne, kai ka raine shi. Barewa ba taka ba ce."

"Amma wanda ya jawo ta kusa sau ɗaya yake harbi, ta faɗi, ya yanka. Mai bin sawu daga nesa yake harbi, ya karya mata ƙafa, ta shige daji ta yi kwana uku tana mutuwa. Wa ya fi tausayi?"

Usman yana ta taka mini ƙafa. "Halas, ya Dakta. A nan mamnu'u ne. Barewa ta yi ƙaranci, hukuma ta hana taɓa ta. Ko abinci aka kama ka kana zubawa don ka jawo ta, kai da iƙamarka, takardar zamanka a ƙasar nan, sai Allah."

Ammu ya ɗauki kofinsa ya ƙara da cewa, "Ni ban ma yarda barewa za ta zo wa kanwarka ba. Ta fi ka wayo."

Wannan maganar ce ta kai ni ta baro.

Bayan mako biyu aka yi ruwa, gari ya yi sanyi, iyalin suka shirya fita barr, wato daji, shan iska, har da ni. Na riga na sayi kanwa wurin wata 'yar Nijar a Balad, na sayi dusa da damin barsim, ciyawar da ake ba tumaki a nan, na ɓoye a bayan mota. Ba ni da bindiga, ba kuma kisa na yi niyya ba. Hoto kawai nake so, hujjar da zan ajiye a gaban Ammu.

Bayan sallar Juma'a muka yi tafiyar da ta fi awa, muka sauka a wani fili mai duwatsu. Ana shimfiɗa darduma ana hura gawayi, na ce zan miƙe ƙafa. Na zagaya na saɓi buhuna, na gangara wani kwari mai bishiyoyin ƙaya, na zazzage kayan a gindin guda. Na maƙala waya a kan doguwar sandar ɗaukar hoto, na kwanta a bayan dutse, na fara bayani ƙasa-ƙasa kamar ɗan jarida: ga yadda mu maharba muke jawo barewa. Don burgewa har da Larabci nake sakawa, ina cewa "sayyad", wato maharbi, ina cewa "gazal", wato barewa.

Na fi awa guda a kwance, cinnaka na yi mini aiki a cinya. Can sai ga motsi. Wata dabba ja-ja, siririya, mai dogayen ƙafafu, ta fito tana shinshina.

"Ga ta nan," na raɗa wa wayar. "Barewa ce, mace. Idon maharbi ba ya kuskure."

Nan take na tura wa Usman, na rubuta: a nuna wa Ammu.

Ban gama murmushi ba na ji murya a bayana: "Gum!" Wato tashi. Jami'ai biyu ne cikin kaki, irin masu sintirin kare namun daji. Daga kan tudu suka hango mutum a kwance yana saita wani dogon abu baƙi. Suka karɓi iƙamata, suka karɓi wayar, suka kunna. Hausar ba su ji ba, amma kalmomin nan biyu da na yi ado da su sun ji su sarai. Larabcina kuwa na ɗakin gwaji ne: miƙo hannu, dunƙule, halas. A tsayen nan na hango kafili, uban gidan da ya kawo ni ƙasar, yana soke kwantiragi, na hango kaina a jirgi da akwati ɗaya.

Da ƙyar suka bari na kira Usman. Ya zo da Ammu, sauran iyalin kuma suka tsaya a bakin kwarin suna kallo. Na gane mayafin Su'ad, na sunkuyar da kai.

Ammu ya yi sallama, ya saurari babban jami'in, sannan ya juya ya dubi gindin bishiyar. Barewata tana nan tana ci. Ta ma samu 'yan uwa huɗu, ɗaya da ƙararrawa a wuya. Ya daɗe yana kallonsu kafin ya fara magana a natse, Usman kuma yana fassara mini, yana cije leɓe.

"Yana cewa su dubi abin da ka kira barewa. Yana cewa mutumin da bai san akuya ba, barewa ba ta da abin tsoro a wurinsa."

Jami'in ya sake kallon wayar, ya kalli awakin, kafaɗarsa ta fara rawa. Amma ya haɗe fuska ya yi tambaya.

Usman ya ce, "Wai ka taɓa farauta? Faɗi gaskiya, ya Dakta, rubutawa zai yi."

Na dubi Ammu. Shi ma ni yake kallo.

"Ban taɓa ba."

"Wai ka ɗaga murya."

"Ban taɓa ba! Kakana ne!"

Har bakin kwarin aka ji. Wata daga cikin matan ta ce, "La ilaha illallah."

Jami'in ya yi mini faɗa mai zafi. Abu ɗaya a ciki ya zauna mini: ko ba ka da bindiga, in ka koya wa dabbar daji cin abinci a wuri ɗaya, wanda zai zo bayanka yana da ita. Sannan ya sa na kwashe komai da hannuna, ina durƙushe ina kokawa da awakin mutane a kan dusa, kafin ya miƙo mini iƙamata.

Da muka koma kan darduma, Ammu ya zuba mini shayi da kansa. "To, Dakta, ka yarda?"

Kunyar duniya tana kaina, amma bakina ya ƙi mutuwa. "Ammu, dokar na yarda, dalilinta ma na gane. Ƙaryar da na yi kuma na tuba. Amma kakana ba maci amana ba ne. Gida guda yake ciyarwa, lokacin dajin cike yake, kuma ba ya harbin mai ciki ko mai shayarwa. Maganar ƙugiya kuma har yanzu ba a ba ni amsa ba."

Usman ya dafe kai. Ammu ya kalle ni ya girgiza kai.

"Taurin kai gare ka, ya waladi. Ka ce manyanka su kira ni. Amma dabbar walima ba kai za ka je saye ba."

Haka kuwa aka yi, Usman aka aika.

Har yau in zancen ya taso ni da surukina kowa yana kan bakansa, kuma ba ni da niyyar sauka. Abin da na koya dai guda ne: ana gadon labari, ba a gadon ido. In za ka tsaya wa kakanka, tsaya masa da baki, daga zaune, a inuwa.