Rasuwar Sha-Wuta, Wanda Aka Tura Cikin Kwata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci a toshe, tsohon mai gasa burodi na ƙarshen layi, wanda murhu ya fashe da shi sau biyu ya fito da ƙafarsa, yana sanar da rasuwar Sha-Wuta, abin sauke tukunya, a gidan 'yarsa, ranar Talata da hantsi.

Marigayin ba daga kanti ya fito ba. Tsohon ne ya ɗinka shi da yatsu takwas ɗin da injin kwaɓa fulawa ya bar masa. Mutumin da bai taɓa zama a aji ba, a jikin buhun fulawa ya koyi baƙaƙe, haka ya koyi allura yana da shekara saba'in da huɗu, ba wanda ya nuna masa. Ya yanka zanen ƙarshe na marigayiya matarsa ƙanana-ƙanana, ya haɗa su, ya shimfiɗa auduga ninki uku a tsakani, ya bi da ɗinki layi-layi har wata biyu. Guda biyu suka fito, ya kai wa 'yarsu, don hannun uwarta ya ci gaba da tare mata zafi.

Shekara uku Sha-Wuta yana aiki, 'yar ba ta ƙone ko sau ɗaya ba. Bai taɓa zamewa daga kunnen tukunya ba. Ba a san shi da surutu ba, sai ɗan “tsss” in ruwa ya taɓa shi a bakin wuta, da “fuf” in an jefa shi kan tebur.

Ciwon ajalinsa, suruki, mijin 'yar. Kwatar kicin ta toshe, sai wannan bawan Allah mai takardun makaranta cike da jaka ya duba, ya ga tsumma. Tsumma! Ya naɗa shi a sanda ya cusa, sandar ta fito, marigayin bai fito ba. Surukin ya ɓoye maganar. Kwana huɗu 'yar tana neman abinta har ƙarƙashin gado. Tsohon ne ya leƙa kwatar, ya naɗe hannun riga ya zaro shi: daskararren mai, ɓawon kifi, gashi, da wasu fararen abubuwa masu motsi da ba za a ambata a takardar mutunci ba. An wanke shi sau biyar da ruwan zafi. Audugar ta riga ta ruɓe daga ciki. Magen gidan ma ta sansana ta bar ɗakin.

Ya rasu ya bar ɗan tagwaicinsa, Sha-Zafi, da tukwane shida, da ƙusar da ake rataye shi. Zanen kuwa, ko ƙyalle bai rage ba.

Za a binne shi gobe da ƙarfe goma a gindin lemon bayan gidan tsohon. Surukin ne zai haƙa ramin, kuma shi zai ɗauko gawar, ba sanda, ba leda.

Sha-Zafi ya riga ya dawo gida, yana rataye a kicin ɗin tsohon. 'Yar da ke son hannun uwarta ta san hanya. Tana iya zuwa ran Juma'a ta ɗora tukunya. Mijinta kuwa dole ya jira a ƙofa.