Ranar da Igwa Ta Tashi a Ɗakina

Ba zan taɓa mantawa da azumin shekarar da ɗana Sani ya nemi aure ba, kuma ko na so in manta, matan unguwarmu ta Nuzla, a nan Jidda, ba za su bar ni ba.

Yarinyar 'yar Aziziyya ce, unguwar masu hannu da shuni. Iyayenta Hausawa ne haihuwar Jidda, irin masu yin kalma uku da Hausa su bi da biyar na Larabci. Ba su ce i ba, ba su ce a'a ba. Uwarta, Hajiya Maryama, cewa ta yi za su zo buɗa-baki ranar huɗu ga wata su ga gidanmu tukuna. Na gane nufinta sarai. So take ta ga ko mutanen Nuzla sun san abin duniya.

To, akwai wani dattijo a cikin tsohon gari mai yin sobiya, abin shan nan na jiƙaƙƙen sha'ir, ɗan'uwan kunun zaƙinmu. Sobiya ko'ina akwai ta da azumi, amma shi yana da wata ta musamman mai zabibi da kirfa. Sau ɗaya yake yin ta a shekara, ranar ɗaya ga wata, randa biyu tak. In ta ƙare sai baɗi. Na ce wannan ce za ta rufe bakin Hajiya Maryama.

Tun azahar na isa, sai na tarar da gari guda a lungun. An rataya fitilu masu launi, masu sambusa suna ta suya, leburorin tashar jirgin ruwa sun zo da kayan aikinsu a jiki, Larabawa masu manyan motoci suna tsaye a layi kamar kowa. Duk wanda ya samu sai ya ɗaga jarkarsa sama a yi masa shewa. Na duƙar da baya, na ƙara wa kaina shekara ashirin, ina tari ina kutsawa (Allah Ya yafe mini, da azumi a bakina) har na kai gaba. Ana kankare gindin randa ta biyu aka cika mini jarkata.

Dattijon ya miƙo mini yana cewa, "Ya Hajja, ki sa ta a firji, a shanye yau ko gobe, kuma murfin nan kada ki..."

Na katse shi. "Halas, ya isa haka, bawan Allah. Shekara arba'in ina dama kunu tun a Maraɗi. Kai za ka koya mini ajiyar abin sha?"

A raina cewa nake kunun talaka ne yake tsami, abin da manya suke bin layi a kansa ai ba ya lalacewa. Firjinmu kuwa kowa buɗewa yake, kafin kwana uku sun shanye. Sai na ɗaure murfin tamau da tsumma, na naɗe jarkar a bargo, na tura ƙasan akwatina. A zafin Jidda, a ɗaki mai rufin kwano.

Ranar huɗu baƙi suka iso. Maigidana Alhaji ya zauna a zaure da uban yarinya, wanda ya zo da ƙannensa biyu, kowa da dabino a hannu, suna jiran ƙarar igwa, babbar bindigar nan. A lokacin ita ce take sanar da shan ruwa, madfa muke ce mata. Mu mata muna ɗakina. Na fito da jarkar, na ga ta kumbura kamar cikin akuya, sai na ce albarka ce.

"Hajiya, kin taɓa samun ta dattijon nan kuwa?" na tambaye ta, ina sane.

"Wallah shekara uku muna aikawa, ba mu samu," in ji ta.

"Ayya. Ai sai wanda ya san hanya."

Na ce bari in zuzzuba a kofuna kafin lokaci. Na dafe jarkar tsakanin gwiwoyina, bakinta na kallon sama, na murɗa.

Murfin ya tashi ya daki kwanon rufi, gidan duka ya amsa. Sobiya ta yi tsiri ta dawo a kan Hajiya Maryama, tun daga ɗankwali har zoben ƙafa, tana kumfa tana wani wari da ba a son ji a gidan Musulmi. Kafin in buɗe baki sai na jiyo muryar Alhaji daga zaure: "Madfa ta tashi. Bismillah, yalla, ku sha ruwa."

Na ruga ina cewa ku tsaya, na tarar har sun tofar da ƙwallon dabino, uban yarinya ya kai rabin kofi. Muna tsaye cirko-cirko ana kallon juna, can sai igwar gaskiya ta tashi daga nesa.

Uban yarinya ya ajiye kofinsa a hankali. "Alhaji, ku a Nuzla madfa biyu gare ku?"

Na koma ɗaki, na ce shi ke nan, na kashe wa Sani aure. Na sami Hajiya Maryama tana cire zabibi daga kunnenta, kafaɗunta na girgiza. Na ɗauka kuka take, ashe dariya ce ta hana ta numfashi. Da ƙyar ta ce, "Yaya, ba ni ko mene ne in sha, ƙishi zai kashe ni."

Babu abin da ya rage sai kunun zaƙina, wanda na ɓoye bayan ƙofa don kunyar kada 'yan Aziziyya su gani. Kofi uku ta sha. Da za su tafi, cikin zanen da na ara mata, ta ce mu turo manya bayan Sallah, da sharaɗin ranar biki ba ni zan buɗe abin sha ba.

Maza huɗu suka rama azumi saboda ni, kuma har yau Hajiya Madfa ake kirana, har 'ya'yan Sanin. Tun daga ranar, in mai sana'a ya fara yi mini bayani, nakan bari ya kai ƙarshen maganarsa. Bayan nan sai in gaya masa na riga na sani.