Rasuwar Allo, Abokin Aikin Jafaru na Basirka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da bakin da ya rasa wanda zai faɗa wa a cikin gida, Jafaru Maikano na garin Basirka, ma'aikacin sa-kai a kan lafiyar dabbobi, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da waɗanda ba su taɓa amsa gayyatarsa ba, rasuwar abokin aikinsa, kwamfutar hannu mai haɗe da kibod, wanda aka fi sani da Allo. Ya rasu cikin bazarar nan, a gida, a hannun wadda ta fi kowa ƙaunarsa.

Kafin a ci gaba akwai roƙo. Inna Turai, yayar mahaifiyar Jafaru, wadda ta raine shi kuma suke zaune su biyu a gidan, ba ta san an yi wannan rashi ba. Ba a kuma so ta sani. Mai karatu zai ga dalili.

Marigayin ba ɗan manyan gida ba ne. A wata rumfa aka samo shi a Kano, cikin kwalin da kusurwarsa ta lotse, da suna a bayansa wanda ko mai rumfar bai iya furtawa ba. Jafaru ya daɗe tsaye yana auna shi da laftof. Abokinsa Safiyanu, da ya raka shi, ya gaji da jira ya ce, "Kai dai taurin kai zai kashe ka. Araha ba ta ado, malam. Wannan abin kallon yara ne, ba kayan aiki ba." Jafaru ya ce laftof kamar jariri take, ba ta jimirin yunwa, ga wuta kuwa baƙuwa ce a garinsu, shi abokin tafiya yake nema, wanda zai hau bayan babur bai yi ƙorafi ba.

Al'ada ta hana ambaton aibin mamaci, amma Jafaru ya sha faɗa cewa wannan rufa-rufar ce ta hana mu gyara komai, don haka ba zai fara ta a kan nasa ba. Allo yana da nawa. Idan aka buɗe masa aiki biyu a lokaci guda sai ya tsaya cak, ya zuba wa mutum ido kamar an tambaye shi abin da ba a koya masa ba. Cikinsa ƙarami ne, kullum sai an fitar da wani hoto kafin wani ya shiga. Shi da kibod ɗinsa kuma zamansu ba ya rasa 'yar tsama: ana tsakiyar jimla sai su daina magana da juna, sai an raba su an sake ɗaura aure. Ga zafin jiki, wanda ya yi fama da shi tun yana sabo.

Amma a faɗi alherinsa. Da caji ɗaya yakan je rugagen da ke bayan Fagam ya dawo da sauran numfashi. Ya sha faɗuwa a yashi tare da mai shi, ya tashi bai riƙe kowa a zuciya ba. A cikinsa Jafaru yake rubuta ɗan littafinsa na Hausa a kan cututtukan shanu, ciwon huhu da na hanta da sauransu, da yadda ake gane su tun saniya tana tsaye. Da fuskarsa yake nuna wa makiyaya hotuna ranar kasuwa, yana roƙonsu su yi rigakafi kafin ruwa ya sauka. Sukan taru su leƙa, wani ya ce, "Kai, wannan bijimin na wace ƙasa ne?" wani ya ce, "Allah dai ya kiyaye," a watse. Allah yana kiyayewa, amma ai Manzonsa ya ce a ɗaure raƙumi! Mutum ya zuba ido saniyarsa tana ramewa wata da watanni, ba zai nemi allura ba sai ta faɗi, sannan a ruga neman wuƙa, a ce ƙaddara. Sau nawa Jafaru ya kira taro a Gwaram, ya share wuri, ya jera benci, aka bar shi daga shi sai Allo? Marigayin bai taɓa cewa yana da ɗaurin aure a wani gari ba. Yakan yi 'yar ƙararsa ta buɗewa, tilin, kamar mai cewa ga ni, su zauna su biyu har rana ta karkata.

Mutum ɗaya ce a duk faɗin garin ta ɗauki wannan aiki a matsayin aiki. Inna Turai ba ta karatun boko, ba ta san me ake rubutawa ba, amma da ta ji ƙas-ƙas-ƙas na kibod sai ta kore kaji daga tsakar gida, ta ce wa mai sallama, "A dawo an jima, Malam yana aiki." Ita ta raɗa masa suna Allo. Ita ta ɗinka masa riga da ragowar atamfarta, don kada ƙura ta shige masa ido.

Ga yadda ajali ya zo. Ranar wata Talata da azahar, ana zafin nan mai sa kare ya rasa inda zai kwanta, aka zo kiran Jafaru a kan wata saniya da haihuwa ta zo mata da gardama. Ya fita a gaggauce, ya bar Allo a kan tabarma yana shan caji daga farantin sola. Inna ta zo gusar da shi daga rana, ta taɓa shi, ta ji jikinsa rau kamar garwashi. Ta yi abin da ta yi wa Jafaru shekarar da ƙyanda ta kwantar da shi. Ta jiƙa tsumma ta lulluɓe shi, ta kwantar da shi a kan yashin nan mai laima na ƙarƙashin randa, inda take ajiye goro. Duk sanda tsumman ya fara bushewa sai ta ƙara yayyafa ruwa. Ba ta bar gefensa ba sai don salla.

Da Jafaru ya dawo, jini da majina har gwiwar hannu, ta tare shi a bakin ƙofa fuskarta a sake. "Ɗan naka zazzaɓi ya yi bayan fitarka," in ji ta, "amma na saukar masa. Taɓa ka ji, ya yi sanyi."

Ya taɓa. Ya yi sanyi kuwa.

Jafarun da ya tsaya gaban dattawa ya ce musu sakaci ne ke kashe dukiyarsu, ba maita ba, ya buɗe baki ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Inna. Allah ya saka." Ta ce, "Amin. Ka bar shi ya yi barci, kada ka tashe shi."

An binne shi cikin buhun shinkafa ko za ta tsotse ruwan, an shanya shi, an kai shi wurin mai gyara a Gwaram. Mai gyaran ya buɗe, ya duba, ya mayar ya rufe a hankali, ya ce sai haƙuri. Littafin ma ya tafi tare da shi, domin mai wa'azin rigakafi bai ajiye kwafi a ko'ina ba.

Marigayin ya bar kibod ɗaya, wadda har yanzu 'yar fitilarta ke ƙiftawa tana nemansa, da caja mai ɗaurin leda a wuya, da rigar atamfa, da Jafaru. Ya kuma bar wata tsohuwa da ke tambaya kowace safiya, "Yaya mai jiki?" ana ce mata da sauƙi.

Saboda haka ba za a yi zaman makoki a gida ba. Ku da aka ba ku saƙon rigakafi ku kai wa maƙwabta kuka kasa, don Allah kada yau ku zama gwanayen isar da saƙo. Wanda ya gamu da Inna a hanyar rijiya, ya gaishe ta ya wuce.

Za a ɗauki gawar ranar Asabar da hantsi daga tashar Basirka zuwa Birnin Kudu, wurin Malam Khuzaima mai sayen matattun wayoyi, wanda zai cire gilashin da batirin ko wani zai amfana. Abin da ya rage za a bar shi a can. Ba a bukatar rakiya, kuma ba a sa ran ta.

An gaya wa Inna cewa wurin babban likita za a kai shi. Tun jiya ta tara ƙwan zabinta, ta jera a ƙwarya cikin dusa don kada su fashe a hanya, ta ce a miƙa wa likitan, a ce masa in ji ta, ya dube shi da kyau, maraya ne. Jafaru zai kai ƙwan, zai kuma isar da saƙon kamar yadda ta faɗa. Motar dawowa tana isowa bayan la'asar, kuma Inna ta ce za ta jira su a zaure.